Wanda Ya Samu Amsa Shi Ke Mari

Ƙarfe tara na safe ne, ranar kasuwar garinmu. Da ni da limamin unguwa da wani maƙwabcina mai amalanke muna tsaye a bakin shingen lakwal, wato makarantar boko, muna kallon magina suna rushe tsohon ajinmu. Ginin ƙasa ne, rufinsa ya daɗe da zubewa, an ce za a yi na siminti a gurbinsa. Ban ce kada a rushe ba, abin da ya tsufa rushe shi ake yi. Amma da bangon gabas ya faɗi, wanda aka shafe da baƙi muke kiransa tabulo, wato allon aji, sai na ji hirar ta fita raina. Na yi musu sallama na koma gida, na ce bari in rubuta abin da ya faru a ɗakin nan, bi da bi, yadda ya zo, tun da sauran wanda ya gani da idonsa.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Mayahi da Tasawa. A zamanin da nake magana ba agogo ke tashin mutum ba. Ƙarar taɓarya ce ta farko, mata suna daka tun asuba, sai kukan igiyar guga a bakin rijiya, sai jakuna, sannan a buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin dogon yaro. Kafin a buga shi dole na cika randar innata, na zuba wa awaki harawa, na share ƙofar gida. Babana ba ya maimaita magana. In na tambaye shi aikin yini sai ya ce, "Yi na farko, in ka gama ka zo in hwaɗa maka na biyu." Haka na tashi, kuma haka na tsufa. Yaran yanzu a bayan babur ake kai su lakwal, iyayensu ke roƙon a karɓe su. Mu kamo mu aka yi, mai gari ya bi gida-gida ya ce kowane gida ya ba da ɗa, uwaye suna kuka kamar an kai mu yaƙi.

Lissafi, wanda muke kira kalkil, ga yadda ake yinsa. Kowa da ardwaz ɗinsa, wato ɗan baƙin allo, da guntun alli. Mushe, malaminmu, zai karanta tambaya sau biyu, mu kuma hannu a sama riƙe da alli, ba mai taɓa allo. Zai ɗan jira. Sai ya buga regil ɗinsa, wato rular katako, a tebur, kowa ya duƙa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama da kai. Sannan ya bi layi yana dubawa. Littafin guda ne ga kowa, daga Yamai aka raba shi mako-mako, shafin da ake yi a garinmu shi ake yi a Tasawa a wannan makon. Ni wannan tsari ya yi mini daidai, kuma har gobe ina yabonsa. Ni ba mai saurin kai ba ne, jiran nan da Mushe ke yi kafin ya buga regil, nawa ne, a cikinsa nake harhaɗa amsa. Da wannan littafi na samu satifika, da shi na yi aikin awon gero da gyaɗa a magaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, har ƙarfina ya ƙare. Yawancinmu haka muke, kuma dominmu aka rubuta shi.

Sai dai akwai wata al'ada da ba ta cikin littafi, malamai ne suka gada daga nasu malaman. Wanda ya samu amsa shi ke marin wanda bai samu ba. In waɗanda suka samu suna da yawa, sai a raba marin, abin ya zama kusan wasa. In kuwa mutum ɗaya ne ya samu, shi zai bi aji duka, benci-benci. Wanda ya yi mari mai taushi don tausayi, Mushe zai kira shi ya nuna masa a kuncinsa yadda ake yi. Iyayenmu sun sani, ba wanda ya ga laifin abin. Cewa suke yi kunya ce za ta sa yaro ya dage.

Benci ɗaya muke zama da Hamadu. Ɗan Fulani ne, rugarsu tana arewa da gari tun kakanni, innarsa ke kawo mana nono, babansa kuma abokin babana ne, a gonarmu shanunsu ke kwana bayan girbi. Siriri ne, ba ya son magana. Kafin Mushe ya gama karanta tambaya karo na farko, Hamadu ya riga ya sani. Nakan ga hannunsa na sama ya saki, idonsa ya tafi kan azarar rufi, ya zauna yana jiran mu. Da muka shiga aji na uku Mushe ya ara masa littafin ya tafi da shi ruga. Kafin a gama ɗaurin gero ya dawo da shi, ya ce ya ƙare, ko akwai wani. Mushe ya ba shi na aji huɗu, sai na biyar, har na shida. Su ma ba su daɗe ba. Daga nan babu sauran littafin lissafi a garin, ko a ɗakin Mushe. Saurayi ne ɗan Tasawa, bai girmi yayyenmu da yawa ba, an koya masa ya koyar da waɗannan littattafai, kuma yana koyar da su da gaskiya.

Wata rana da aka fita hutun hantsi na tarar da Hamadu a gindin dogon yaro yana jera ƙwallayen magarya a ƙasa. Ya ajiye ɗaya. Ya kewaya ta da uku ta gefe biyu, suka zama biyu a tsaye biyu a kwance. Ya ƙara biyar, suka zama uku-uku. Ya ƙara bakwai, huɗu-huɗu. Yara suka taru a kansa.

Ɗan mahauci, wanda ya fi mu baki duka, ya ce, "Kai ɗan Hillani, nono ne ke ba ka wanga kai?"

Hamadu bai ɗago ba ya ce, "Nono ne. Ku da tuwo ya toshe ma kunne sai haƙuri."

Mushe ya zo wucewa ya tsaya. Hamadu ya miƙe ya ce, "Mushe, in na yi ta ƙarawa, tara, sha ɗaya, sha uku, kullum tsawo da hwaɗi daidai suke hitowa. Haka za ya yi ta tahiya har abada? Mi ya sa?"

Mushe ya daɗe yana kallon ƙwallayen. Ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da aka ce in koya muku. Ka bari sai ka je kolej." Har ya yi gaba, sai ya juyo ya ce, "Ni ma ban san dalili ba." Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ga yaro ba, kuma tun ranar nake ganin girmansa.

To, tun da ba shi da abin da zai ba shi, sai Mushe ya yi dabarar da ya iya. Kowace safiya, bayan tambayoyin ajinmu, sai ya ƙara ɗaya mai wuya daga ƙarshen littafin aji shida, don kada kan yaron ya yi sanyi. Mu muka raɗa mata suna ta Hamadu. Niyyarsa alheri ce. Amma tambaya ce aka yi wa aji duka, da regil da ɗaga allo, kuma al'ada tana nan. Saboda haka kowace safiya Hamadu shi kaɗai ke samu, kowace safiya ya tashi ya bi mu benci-benci. In an tashi, manyan yara su tare shi a hanyar ruga su rama. Ya koma bin wata doguwar hanya ta cikin ƙaya. Abin da lakwal ta iya yi da kaifin kansa ke nan.

Sannan ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ta biyu ta fi ta farko muni. Ƙarar taɓarya ta ragu da asuba, gida-gida, har ya zama kana iya gane gidan da aka yi daka. Mata suka shiga daji ɗibar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita. Wasu suka tone gidan tururuwa don tsabar da ke ciki. Innata ta daina kankare tukunya a gabanmu, don kada mu ji ƙarar mu taru. A cikin wannan hali muka ji a rediyon mai gari cewa soja sun karɓi ƙasa. Motoci suka fara zuwa da jar dawa, ana rabo a gaban jandarma, kuma kowane ma'aikaci ya shiga taitayinsa, ba mai yin abin da ba a rubuto masa ba. Hanyar arewa kuwa, mushen shanu ne ke nuna maka ita.

Ba a rufe lakwal ba, kuma ba a canza shafi ba. Muna lissafin buhunan da ɗan kasuwa ya saya da mitocin yadin da tela ya yanka, cikinmu ba komai sai ruwan anza. Wata safiya aka yi ta Hamadu, ya tashi ya fara bi. Ya kai kan wata yarinya ƴar maƙeri, ita ce ƙarama a ajin. Marin ba mai ƙarfi ba ne, ina kusa, na gani. Ta zame daga benci ta kwanta a ƙasa, idonta a buɗe. Sai da aka yayyafa mata ruwa aka ɗauke ta zuwa gida. Ta farfaɗo, amma ta daɗe ba ta dawo ba.

Daga ranar Hamadu ya fara faɗuwa a kalkil. In Mushe ya karanta tambaya, sai in ga ya lasa yatsa ya rubuta amsa a kan katakon benci, ta bushe nan take. In an buga regil, sai ya saci kallon allona ya kwafe abin da na rubuta, ko daidai ko kuskure. In ta Hamadu ce, duk mu faɗi tare, babu mai marin wani. Ajin duka mun gane, ba wanda ya ce uffan, kuncinmu ya huta. Mushe ya ɗauka yunwa ce ta taɓa yaron, ya riƙa kiransa bayan aji yana ba shi fura daga tasa.

Abin da zan faɗa yanzu ban ji shi da kunnena ba, babana ne ya ba ni labari bayan na girma. Baban Hamadu ya zo zaurenmu, aka aika aka kira Mushe, aka kori yara. Ya ce shanu sun ƙare sai ƴan ƙalilan da ba su iya tsayuwa sai an ɗaga su, za su yi kudu da su kafin su ma su tafi, kuma da yaron za a tafi.

Mushe ya ce, "Baba, ka bar mini shi. Akwai jarrabawar shiga kolej kafin damina. In ya ci, gwamnati ke ba shi makwanci da abinci. Kuma za ya ci."

Baban Hamadu ya ce, "Ai an ce sai ƴan aji shida."

"Zan roƙi anspektar, mai duba mu malamai, ya yarda ya tsallake aji. Shina zuwa wanga wata."

Baban Hamadu ya ce, "Kafin nan wa ke ciyar da shi? Kai da ake kawo ma tuwo a kwano?"

Babana ya ce, "In zuwa damina ne, ya zauna nan, abin da ɗiyana suka ci ya ci. In ya wuce haka, ban ɗaukar maka alkawarin da rumbuna bai ɗauka ba."

A kan haka suka tsaya. In anspektar ya yarda, Hamadu zai zauna gidanmu ya yi jarrabawa. In bai yarda ba, zai bi shanu. Mutum uku suka yanke wannan, dukansu masu son yaron, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya masa. A zamaninmu ba a shawara da yaro kan abin da ya shafe shi, sai dai ya ga an yi. Mushe kuma yana da nasa tsoron, kada anspektar ya ce an shirya yaron.

Anspektar ya zo a motar rabon dawa. Dattijo ne mai tabarau, fuskarsa duk gajiya. Muka miƙe muka gaishe shi da Faransanci. Suka yi magana ƙasa-ƙasa da Mushe, na tsinci inda ya ce shi ba ya gwada yaro shi kaɗai, a cikin ajinsa zai gan shi, kamar yadda aka saba. Ya karɓi littafin aji shida, ya karɓi regil, ya buɗe can ƙarshe. Mu ba mu san komai ba sai cewa ga baƙo, ga tambaya irin ta Hamadu, kuma a gaban baƙo mari ba zai yi taushi ba. Ƴar maƙeri ta dawo a makon, tana benci na gaba da mu.

Ya karanta ta farko sau biyu. Na ga yatsan Hamadu a kan benci. Aka buga, na rubuta abin da ya zo mini, ya kwafe. Aka ɗaga. Anspektar ya dubi allonsa, ya dubi nawa. Ta biyu ma haka. Kafin ta uku Mushe ya kasa daurewa, ya ce da Hausa, "Hamadu, ka duba da kyau." Anspektar ya tuna masa cewa ba a Hausa a aji. Aka buga, aka ɗaga. Wannan karon ni ban rubuta komai ba, allon Hamadu ma fari fat, wato baƙi wuluk, babu ko ɗigon alli.

Mushe ya roƙa a ba shi dama ya tambayi yaron shi kaɗai. Anspektar bai yi faɗa ba. Ya ce motar ba tasa ba ce, akwai garuruwa a gaba. Ya ce tsallake aji sai takarda ta je Maraɗi da hannunsa a kanta, kuma a wannan zamani wanda ya sa hannu kan abin da bai gani ba shi zai amsa tambaya. Ya ce yaro ne kamar sauran, har yana kwafar na maƙwabcinsa, a bar shi ya gama aji biyar, baɗi ya yi shida, tsarin don haka aka yi shi. Ban taɓa iya cewa ya yi ƙarya ba. Abin da aka nuna masa ya faɗa.

Da ƙarar motar ta yi nisa, Mushe ya tsaya a gaban bencinmu. Bai ɗauki regil ba. Ya ce, "Tashi. Ta farko, nawa ne?" Hamadu ya faɗa. "Ta biyu." Ya faɗa. "Ta uku." Ya faɗa, ba tare da an sake karanta masa ko ɗaya ba. Mushe ya duba littafi, ya rufe.

"Don mi?"

Hamadu ya ce, "Mushe, in na samu ni ɗai, duka zan mara."

Mushe ya koma ya zauna a kan teburinsa, abin da bai taɓa yi ba. A nan, a gabanmu duka, da Hausa, ya gaya masa abin da anspektar ya zo yi da abin da aka yanke a zaurenmu. Hamadu ya saurara a tsaye. Da aka gama ya ce, "Ba a hwaɗa mini ba." Sai ya zauna.

Daga ranar ba a sake mari a ajinmu ba. Washegari Mushe ya ari jaki ya tafi Mayahi, ya tarar anspektar yana can yawon garuruwa, kafin anspektar ya dawo kuma an riga an aika sunayen masu jarrabawa. Babana ya shiga rumbu da kansa ya fito, ya aika wa abokinsa cewa shekara guda ba za ta yiwu ba. Ba wanda ya zarge shi. Su Hamadu suka tashi da hantsi, da jakuna biyu da shanun da suka rage, ta bayan lakwal suka bi. Hamadu ya shigo ya ajiye ardwaz ɗinsa a kan tebur, don ta lakwal ce, ya durƙusa ya gaida Mushe, ya fita. Muna cikin kalkil, shafin makon.

Ban sake ganinsa ba. Bayan shekaru masu yawa wata gwaggonsa ta dawo, na tambaye ta. Ta ce yana raye, yana can kudu yana kiwon shanun wani mai kuɗi, ya yi aure, ya tara ƴaƴa. Na ce ko suna karatu. Ta ce ko ɗaya bai sa ba, in an zo ɗaukar yara sai ya tura su daji.

Yanzu an hana mari, kuma an yi daidai. Yara ba sa zuwa da cikin anza. Amma na duba littafin jikokina, har yanzu guda ne ga kowa, har yanzu an raba shi mako-mako, kuma aji ya ninka namu cika. Malamin da ke da yara cunkus a gabansa dole ya yi tafiyar mai tsaka-tsaki irina, ban ga laifinsa ba. Mai jinkiri ana maimaita masa, ana ba shi darasin yamma. Mai sauri kuwa cewa ake yi ai shi ba shi da matsala. In ya gama sai a ba shi sanda ya tsare aji, ko a ce ya goge tabulo, ko ya kifa kai ya yi shiru. Ni mutum ne mai son kome a kan layinsa, na yi imani da na farko kafin na biyu. Amma na zauna benci ɗaya da wanda ya kai na goma ana riƙe da shi a na farko, kuma na ga abin da ya zama.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karanta wannan, ko malami ne kai, ko uba, ko uwa. In kana da yaron da ya saba riga kowa gamawa, sai ka ga ya daina, kada ka yanke cewa yunwa ce ko lalaci. Kira shi gefe, inda ba idon ƴan ajinsu, ka tambaye shi dalili, ka jira har ya amsa. In abin da ka sani ya ƙare, ka gaya masa ya ƙare, ka kama hannunsa ka kai shi wurin wanda ya fi ka. In kuma akwai abin da kuke shirya masa, ku manya, don Allah ku gaya masa kafin ranar ta zo.